Da Ɗan Gari Akan Saukar Da Baƙo



Daga cikin mas'alolin da suka addabi masu mulki a wannan zamani, da wuya a sami wadda ta fi saurin raba kan mutanen gari guda kamar mas'alar baƙi, watau wa za a buɗe wa ƙofa, mutum nawa za a karɓa, kuma bisa wane sharaɗi. Shugaba yana iya zartar da doka da rinjayen 'yan majalisa, yana iya sa hannu a kan yarjejeniya da Majalisar Ɗinkin Duniya, amma tun da yake baƙon ba a majalisa zai kwana ba, a unguwa zai sauka, ya bi layi tare da 'yan gari a asibiti, ya kai ɗansa makarantar da suke kai nasu, to, duk dokar da ba ta sami yardar mutanen unguwa ba, kwananta kaɗan ne, komai kyawunta a takarda. Yadda ake samun wannan yarda da yadda ake rasa ta shi ne abin da nake so mu duba yau, kuma ƙasar da zan ɗauko labarinta ita ce Kanada, domin ta ga samun ta kuma ga rashin, duka cikin abin da bai kai shekara 50 ba.

Kada mai sauraro ya zaci cewa mutanen Kanada da karimci aka haife su. A shekarar 1885 hukumarsu ta aza wa kowane mutumin Sin da ke son shiga ƙasar harajin dala 50, aka yi ta ƙara shi har ya kai dala 500 a 1903, sa'an nan a 1923 aka rufe musu ƙofa kusan baki ɗaya, ba a janye dokar ba sai a 1947. A 1914 wani jirgin ruwa mai suna Komagata Maru ya iso gaɓar Bankuba da mutum 376 daga Indiya, aka tsare shi wata biyu a bakin teku, aka kora shi ya koma da mafi yawansu. A 1939 kuma jirgin St. Louis, ɗauke da Yahudawa fiye da 900 masu gudun zaluncin Hitila, ya nemi mafaka aka hana shi, ya juya Turai, inda 254 daga cikinsu suka halaka a hannun 'yan Nazi. Al'ummar da ta aikata waɗannan abubuwa ita ce dai wadda, shekara 47 bayan korar St. Louis, aka ba ta lambar girmamawa ta Nansen a 1986 saboda ɗawainiya da 'yan gudun hijira, lambar da aka miƙa wa jama'ar ƙasar dungurungum, ba wa wani shugaba ko wata ƙungiya ba. Abin da ya faru tsakanin waɗannan shekaru biyu shi ne darasinmu.

Mataki na farko an ɗauke shi a 1967, sa'ad da aka daina duban ƙasar mutum da launin fatarsa, aka kafa tsarin maki: ana auna ilmin mai nema, da sana'arsa, da shekarunsa, da iyawarsa ta Turanci ko Faransanci, wanda ya cika adadin da aka gindaya a karɓe shi, daga Landan ya fito ko daga Legas. Hikimar wannan tsari ba a cikin lissafinsa take ba, tana cikin abin da ya faɗa wa talakan ƙasa, wanda ko bai san dokar shige da fice ba ya san adalci, kuma ya yarda tun yana yaro cewa mudu ɗaya ya kamata a yi wa kowa awo da shi. Mutumin da ya tabbata cewa akwai ƙa'ida, kuma ba a tsallake ta don wani, yakan haƙura da ganin baƙi a kan titinsa fiye da yadda masu zarginsa suke tsammani.

Mataki na biyu, wanda a ganina shi ne zuciyar al'amarin, yana cikin dokar 1976 da ta fara aiki a 1978. A cikinta aka sa wani sashe da a lokacin ba a ɗauke shi da muhimmanci ba, wanda ya halatta wa mutum biyar ko fiye, ko wata ƙungiya da hukuma ta amince da ita, su tsaya wa ɗan gudun hijira da iyalinsa, su tarbe shi a filin jirgi, su kama masa haya, su ɗauki nauyin cinsa da suturarsa har shekara guda, su nuna masa hanyar makaranta da asibiti da wurin neman aiki. Ba a jima ba sai lalura ta zo ta gwada wannan sashe. Bayan ƙarewar yaƙin Biyetnam a 1975, dubban ɗaruruwan mutane suka yi ta tserewa cikin ƙananan jiragen ruwa da ba a ƙera su don babban teku ba, wasu suka nitse, wasu 'yan fashin teku suka afka musu, waɗanda suka tsira kuwa suka tarar ƙasashen maƙwabta sun gaji da su, har ana tunkuɗa jiragensu a mayar cikin ruwa.

A watan Yuli na 1979 gwamnatin Joe Clark, ta bakin ministocinta biyu, Flora MacDonald mai harkokin waje da Ron Atkey mai shige da fice, ta yi shelar cewa za ta karɓi mutum 50,000 kafin ƙarshen 1980, ta kuma rataya alkawarin a wuyan jama'a da kansu: duk ɗan gudun hijira ɗaya da mutanen gari suka tsaya masa, hukuma za ta ɗauki nauyin wani ɗaya. Wannan shela ba ta samu karɓuwa ga kowa ba. Akwai ƙungiyar da ta sayi shafuka a jaridu tana gargaɗin cewa baƙin za su mamaye ƙasa, kuma jin ra'ayin jama'a na lokacin ya nuna cewa mutane da yawa suna ganin adadin ya yi yawa. Duk da haka, kafin 1980 ta fita, mutum kusan 60,000 sun sauka daga Biyetnam da Kambodiya da Lawos, kuma fiye da rabinsu, wajen 34,000, ba hukuma ce ta ɗauki nauyinsu ba, majami'u ne da maƙwabta da abokan aiki suka haɗa kuɗi daga aljihunsu.

Ya kamata mu tsaya mu ga da wane harshe aka yi wa waɗannan mutane magana har suka motsa. Mabiya ɗarikar Kirista ta Menonayit, waɗanda su ne suka fara ƙulla yarjejeniyar tsayawa da hukuma a watan Maris na 1979, ba su buƙaci a yi musu dogon bayani ba, gama iyayen da yawansu sun gudo daga Rasha a shekarun 1920, kuma labarin wannan gudu yana nan ana ba da shi a gidajensu. Shi kansa minista Atkey, wasu malaman tarihi biyu, Irving Abella da Harold Troper, sun aika wa ofishinsa da abin da suka rubuta a kan yadda Kanada ta juya wa Yahudawa baya a zamanin Hitila, ya karanta, ya ga cewa tarihi yana shirin ambatonsa da irin abin da ya ambaci magabatansa. A birnin Otawa kuwa, magajiyar gari Marion Dewar ta ce birninta kaɗai zai karɓi mutum 4,000, ta kira taron jama'a, mutum wajen 3,000 suka hallara, kowa ya koma gida yana tunanin wane ɗaki zai share. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka shawo kansa da jadawalin tattalin arziki. An tuna wa kowannensu abin da ya riga ya yi imani da shi, an kuma ba shi aikin da zai yi da hannunsa, wanda zai gaskata wannan imani a idonsa da idon 'ya'yansa.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce gare mu. Lokacin da Muhajirai suka isa Madina sun baro dukiya da gidaje a Makka, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai bar al'amarinsu ga wa'azi kaɗai ba, sai ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakaninsu da Ansaru mutum da mutum, suna da suna, ta yadda kowane baƙo ya san gidan da zai nufa, kowane ɗan gari ya san wanda ke wuyansa. Kuma malamai sun ruwaito yadda Sa'adu ɗan Rabi'u ya yi wa Abdurrahman ɗan Aufu tayin rabin dukiyarsa, shi kuwa ya yi godiya ya nemi a nuna masa kasuwa, wanda hakan ya haɗa karimcin mai masauki da kamun kan baƙo a cikin ƙissa guda. Fataken goro da na shanu da suka kafa zango-zango daga Salaga zuwa Kumasi zuwa Sabon Ibadan su ma a kan wannan ƙa'ida suka zauna, gama baƙo ba ya shiga gari haka kawai, sai ya sauka wurin fatoma wanda zai ba shi ɗaki, ya lamunce shi a kasuwa, ya amsa a madadinsa in an kai ƙara gaban Sarkin Zango. Mutanen gari ba sa tsoron wanda suka san mai masaukinsa.

A nan ne nake ganin masu kare baƙi, waɗanda niyyarsu take da kyau kuma nake tare da su a mafi yawan abin da suke nema, sukan yi kuskure iri biyu da ke jawo wa baƙin da kansu hasara. Na ɗaya shi ne dogaro da alƙaluma. Gaskiya ne cewa ƙasashen Turai da Kanada suna tsufa, haihuwa ta ragu, kuma ba don baƙi ba da asibitoci da gonaki da gidajen kula da tsofaffi sun rasa ma'aikata; amma uwar da kuɗin haya ya fi ƙarfinta ba za ta ji sanyi ba don an gaya mata cewa arzikin ƙasa ya ƙaru da kashi kaza, tun da ƙaruwar ba ta ƙwanƙwasa ƙofarta ba. Na biyu, wanda ya fi na farko muni, shi ne gaggawar jifan duk mai shakka da sunan ƙiyayyar launin fata. Lalle akwai masu ƙiyayyar, kuma wajibi ne a tunkare su ba tare da sassauci ba, sai dai su ba su ne mafi rinjaye ba. Mafi yawan jama'a a kowace ƙasa suna tsakiya, zuciyarsu tana tausayin yaron da ke cikin kwale-kwale, hankalinsu kuma yana tambayar ko makarantar unguwa za ta ɗauke shi. Wanda ya zage su saboda tambayar ya miƙa su ga mai kiran a rufe ƙofa, domin shi aƙalla ya saurare su.

Shekarar 2015 ta sake gwada al'amarin, wannan karon da mutanen Siriya. A farkon Satumba aka ɗauki hoton gawar yaro Alan Kurdi a bakin teku kusa da Bodrum ta Turkiyya, sai aka gano cewa gwaggonsa a Kanada take zaune, kuma ƙasar tana tsakiyar yaƙin neman zaɓe. Justin Trudeau ya yi alkawarin kawo mutum 25,000, ya ci zaɓe, ya je filin jirgin Toronto da kansa a watan Disamba yana miƙa wa masu sauka rigunan sanyi, aka cika adadin a ƙarshen Fabrairu na 2016. Daga cikin waɗanda suka fito suka tsaya wa Siriyawa har da 'yan Biyetnam ɗin nan na 1979 da 'ya'yansu, abin da ya nuna cewa alheri irin wannan yakan haifi wani bayan tsara guda. A 2015 ɗin dai Jamus ta karɓi masu neman mafaka kimanin 890,000, lamarin da ya ninka na Kanada sau da yawa kuma ya cancanci yabo mai yawa, mutanen Minik suka fito tashar jirgin ƙasa da ruwa da abinci, shugabar gwamnati Angela Merkel ta ba jama'arta tabbacin cewa za su iya. Amma da yake mutanen sun shigo ne da ƙafa, cikin 'yan watanni, kafin a san sunan kowa, sai wani sashe na Jamusawa ya ji kamar ragama ta kuɓuce wa hukuma. Abin da ya faru na cin zarafin mata a birnin Kolon daren shiga 2016 ya ƙara rura wannan ji, kuma a zaɓen 2017 jam'iyyar AfD mai adawa da baƙi ta shiga majalisar tarayya karo na farko da kashi 12.6 cikin 100. Tausayi ɗaya ne a ƙasashen biyu. Bambancin shi ne Kanada ta tantance nata tun suna Lubnan da Jodan da Turkiyya kafin su hau jirgi, don haka ba a taɓa tilasta wa ɗan ƙasa ya zaɓa tsakanin jinƙai da bin doka ba.

Adalci ne a faɗi cewa Allah ya sauƙaƙa wa Kanada wannan aiki da inda ya ajiye ta, tekuna uku sun kewaye ta, ƙasa ɗaya ce rak ke kudancinta. Da aka sami kafa a wata 'yar hanya da ake kira Roxham tsakanin jihar Niyok da lardin Kebek, inda tun daga 2017 dubban mutane suka riƙa tsallakowa da ƙafa don neman mafaka, kuma a farkon 2018 'yan Najeriya suna cikin waɗanda suka fi yawa, nan da nan gunaguni ya tashi a tsakanin mutanen da jiya suke tarbar Siriyawa da murna, har aka rufe hanyar a watan Maris na 2023.

Sai dai abin da ya girgiza yardar jama'a da gaske ba daga wannan hanya ya zo ba, daga hukuma da kanta ya zo. Bayan annobar korona aka saki ƙofar ɗalibai da ma'aikatan wucin gadi ba tare da iyaka ba, wasu kwalejoji suka mayar da ɗaukar ɗalibai daga waje hanyar samun kuɗi, masu kamfanoni suka sami leburori masu araha, har yawan jama'ar ƙasar ya haura miliyan 40 a watan Yuni na 2023, kuma a wannan shekara kaɗai ya ƙaru da fiye da mutum miliyan 1.2, irin saurin da ba a gani ba tun 1957. Gidaje kuwa ba a gina su da wannan sauri ba, likitoci ba su ƙaru da wannan sauri ba, kuɗin haya ya yi tashin gwauron zabi, kuma waɗanda suka fi shan wahala su ne ɗaliban da aka gayyato, waɗanda iyayensu suka sayar da kadara suka biya musu kuɗin makaranta, suka zo suka cunkusu a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa. Cibiyar Environics, wadda ta shafe shekaru tana yi wa mutanen Kanada tambaya guda, ta samu cewa masu ganin baƙi sun yi yawa sun tashi daga kashi 27 cikin 100 a 2022 zuwa 44 a 2023, sa'an nan 58 a 2024. Mutanen ba su sauya hali cikin shekara biyu ba. Sun ba da yardarsu ne bisa amana, cewa hukuma tana riƙe da mudu kuma tana auna abin da ƙasa za ta iya ɗauka. Da suka ga an saki mudun, sai suka janye abin da suka bayar, kuma babu wani jawabi a kan kyawawan ɗabi'un ƙasa da zai iya maye gurbin gidan da ba a gina ba.

Mu a wannan yanki mun san inda irin wannan juyi yake iya kaiwa in aka bar shi. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Kofi Busia a Gana ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama wa'adin mako biyu ya fita, zangunan Kumasi da Ankara suka watse, Hausawa da Yarbawa da Zabarmawa da aka haifa a can suka kwashi abin da hannu zai iya ɗauka. A watan Janairu na 1983, da kuɗin man fetur ya faɗi, gwamnatin Shehu Shagari ta yi irin wannan shela, 'yan Gana wajen miliyan ɗaya suka bi hanya, alhali shekara huɗu kacal da sa hannu a kan yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta walwalar shige da fice. Mutanen da ke cewa baƙonka annabinka suna nan a ƙasashen biyu a lokutan biyu, ba su bar faɗin haka ba. Amma shugabanni sun sami sauƙin nuna baƙo da yatsa fiye da amsa laifin tattalin arzikin da ya lalace a hannunsu, kuma ba a sami wata hanya da aka shimfiɗa tun farko ba wadda maƙwabci zai bi ya ce wannan nawa ne, ni na tsaya masa.

Kanada ba ta kai nan ba, kuma wannan ma shaida ce ta ƙarfin abin da aka gina. A watan Oktoba na 2024 Trudeau ya fito ya amsa cewa gwamnatinsa ba ta daidaita ma'auni ba, aka rage adadin masu samun izinin zama na dindindin daga 500,000 da aka tsara zuwa 395,000 a 2025, bayan an riga an sa iyaka ga bizar ɗalibai. Ƙasar da kashi 23 cikin 100 na jama'arta baƙi ne da suka zo daga waje, kamar yadda ƙidayar 2021 ta nuna, tana muhawara a kan yawan da za a karɓa, ba a kan korar waɗanda suka riga suka zauna ba, kuma ragin da aka yi ina ganinsa gyara ne da ya zama dole. Abin da ban yarda da shi ba shi ne wani hukunci da ya biyo baya a ƙarshen Nuwamba na 2024, inda aka dakatar da karɓar sababbin takardu daga rukunonin mutum biyar da ƙungiyoyin unguwa masu son tsaya wa 'yan gudun hijira, da hujjar cewa takardun da ke jiran aiki sun taru da yawa. Taruwar takardun ita kanta alama ce cewa har yanzu akwai dubban 'yan ƙasa da suka haɗa kuɗi suna jira a ba su baƙo, kuma ba su ne suka tsadar da haya ba, gama su da kansu suke nemo ɗakin su biya. Ta hanyar tsayawar 'yan ƙasa ga 'yan gudun hijira, fiye da mutum 300,000 suka shiga Kanada tun 1979, kowannensu da mutanen da suka san sunansa tun kafin ya sauka, kuma Birtaniya ta kwaikwayi tsarin a 2016, Amurka ta bi a 2023. In hukuma tana neman ta dawo da yardar da ta zubar, maganin taruwar takardu shi ne ƙara ma'aikatan da za su duba su, domin waɗannan rukunoni na mutum biyar-biyar suna cikin ɓangaren tsarin da ɗan ƙasa yake shiga da ƙafarsa, kuma su ne za su tsaya a taron unguwa su amsa wa mai shakka da labarin iyalin da suka sani.